Ƙwaryar Mantau da Kwallin da Ya Ƙare

Dalilin da ya sa za a ajiye ƙwarya ɗaya gaban mutum biyu, wannan ya ce ta yi kyau, wancan ya ce a kawar masa da ita, shi zan gaya muku. Ku zauna. Mai jin ƙishi ya je ya sha ruwa tun yanzu. In na fara ba na tsayawa, kuma ba na maimaitawa.

A da ba haka ake ba. Mutane suna gardama kan iyakar gona, suna gardama kan akuyar da ta shiga rogon wani, amma kan kyau da muni babu gardama. Abin da ya yi kyau ya yi wa kowa. Abin da ya yi muni ya yi wa kowa, har da wanda ya yi shi.

Akwai wani gari a gindin dutse, kogi na bayansa. Sunansa ba zai amfane ku da komai ba. A garin akwai wani dutsen kwalli da kakanninsu suka tarar, an ce lokacin da aka same shi ya kai turmi girma. Kowace shekara, in an gama kaka an shigar da hatsi, sai a ɓantari kaɗan a niƙa, a raba wa gidaje. Babba da yaro, namiji da mace, kowa a sa masa. Shafa ɗaya ta isa shekara. Wannan kwallin shi ke daidaita ido. In ka sa shi, abin da maƙwabcinka ya gani shi za ka gani.

Wadda ke riƙe da dutsen wata tsohuwa ce, Hakama. Wurin uwarta ta gaje shi. A ɗakinta yake, cikin tukunya, an rufe da faifai. Ita ke niƙawa, ita ke rabawa, ba mai leƙa tukunyar sai ita.

Washegarin sa kwalli shi ake kira ranar kallo. Ran nan duk mai sana'ar hannu zai kawo aikinsa na shekara gindin tsamiyar kasuwa ya ajiye. Masaƙi ya kawo zane, baduku ya kawo jaka, mai ginin tukwane ta kawo tulu. Gari ya fito, Maigari a gaba, a riƙa bi ana dubawa. Ba a daɗewa. Mutane su dubi abu, su ce ya yi, baki ɗaya, su wuce. In bai yi ba su ce bai yi ba, baki ɗaya. Sai mai taɓarya ya zo ya farfasa shi, a karɓi kayan aikin mai shi a jefa a tsohuwar rijiyar da ke bayan kasuwa. Daga ranar ya bar sana'ar, ya koma noma ko saran itace ko duk abin da ya samu.

Na ga kun yamutsa fuska. Su ba su ɗauke shi zalunci ba. Wanda aka karɓe wa kayan aiki shi ma da idonsa ya ga munin abin. Me zai ce?

A garin akwai mai zanen ƙwarya, sunansa Mantau. Da wuƙa yake aiki. Ya sa ta a garwashi ta yi ja, ya ja ta a bayan ƙwarya, ta bar baƙin layi. Wuƙar ta ubansa ce, ƙotarta ta sha hannu har ta lotsa daidai wurin yatsu. Layin Mantau a miƙe yake kamar an ja zare. Tun yana saurayi yake kawo ƙwarya ranar kallo, ba a taɓa tsayawa kan aikinsa ba, sai dai a ce ya yi a wuce.

A daminar wannan shekarar zazzaɓi ya kwantar da shi. Ya tashi, amma hannunsa na dama bai tashi duka ba. Ya riƙa rawa. In ya ɗauki ludayi, kunu ya zube kafin ya kai baki. Da ya koma kan ƙwarya, layi ya ƙi miƙewa. Ya nufi nan, wuƙa ta bi can, ta dawo, ta sake kaucewa. Ya ɓata wannan ya jefar, ya ɗauki wata, har duman da ya ajiye ya ƙare, saura ƙwarya guda. Ita ya zauna kanta kwana da kwanaki, yana tare hannun dama da na hagu. Da ya gama ya kife ta a tsakar gida, ya ja baya ya duba. Layukan duk sun lanƙwashe, wani ya hau kan wani. Inda hannu ya maƙale wuta ta ci da yawa ta bar tabo.

Matarsa Cima ta zo ta tsaya gefensa, ita ma ta duba. Abin da ya gani shi ta gani. Can ta ce masa ko ya aika a ce ba shi da lafiya, kada ya kai komai bana. Ya ce wanda bai kai ba ma karɓe masa kayan aiki ake yi, ta sani. Ta ce to ya ɗauki ɗaya daga cikin tsofaffin da ke jere a ɗakinta, a goge ta da mai, ya kai. Ya ce gari ya riga ya gan su. Ta ce wa zai tuna?

Ya ce, "Ni."

Ya ɗauko wuƙar ya goge ta da toka, ya shafa mata mai, ya naɗe ta a tsumma. Ya ce in rijiya za ta shiga, ta shiga da tsabta.

To, a ɗakin Hakama kuma wata damuwar ce. Dutsen nan da ya kai turmi, ana ɓantara ana ɓantara, shekara bayan shekara, ya koma kamar ƙwallon dabino. Ta daɗe da sanin haka na tafe. Ba ta gaya wa kowa ba, tana tsoron a ce a hannunta ya ƙare. Ta niƙe shi duka. Ta dubi garin kwallin a tafin hannunta, ta tuna yawan gidajen garin, ta ga ko unguwa ɗaya ba zai isa ba.

Da mata suka fara zuwa da tandunansu, sai ta ce su riƙa shigowa ɗai-ɗai, wai ƙafarta na ciwo, ba ta son cunkoso. Duk wadda ta shigo sai ta ɗan lakato mata a bakin tsinke, ta rage murya ta ce, "'Yata, kin zo a makare, rabonki ya yi kaɗan. Je ki ƙara da wani baƙin abu na gidanki ya yi auki. Kada ki faɗa wa kowa, a yi miki dariya." Har wadda ta fara zuwa tun rana ba ta fito ba, haka ta ce mata, kin zo a makare.

Kowace ta fita tana ɓoye tandu cikin zane. Matar maƙeri ta kankaro baƙin hayaƙin maƙera ta zuba. Matar marini ta daka shuni. Matan manoma suka ƙona karan dawa suka tankaɗe tokar. Matan masunta suka ƙona ciyawar bakin kogi. Wata da mijinta ya rasu a shekarar ba ta samu komai a hannu ba, ta shiga ɗakinsa ta sharo kunkunniyar da ke rufin. Kowace ta cakuɗa, ta sa wa mutanen gidanta, ta yi shiru, tana ganin ita kaɗai aka ƙwara.

Cima ma ta karɓo nata, ta ƙara da gawayin murhu. Da ta nufo Mantau da tsinke sai ya kau da kai. Ya ce ta bari. Me zai duba da sabon ido? Na bara bai gama sakinsa ba, ya ishe shi ganin abin da ya yi.

Mai taɓaryar garin a lokacin wani ƙato ne, Barmo. Bai daɗe da aure ba. A al'adarsu matar gida ke sa wa namiji kwalli. Uwarsa ta ce ita ke sa masa tun yana goye, ba za ta fasa ba. Amaryarsa ta ce yanzu aikinta ne. Barmo duk girmansa ba ya son rigima. Ya ba uwarsa idon dama, ya ba matarsa na hagu. Uwarsa manomiya ce. Matarsa 'yar masunta ce.

Gari ya waye, aka hallara gindin tsamiya.

Aka fara da zanen masaƙi. Maigari ya duba ya ce ya yi, ya tsaya jin gari ya amsa kamar kullum. Wasu suka amsa. Wasu suka yi shiru. Daga baya marini ya ce shi dai ya ga zanen ya yi fari fat, kamar wanda aka daɗe ana wankewa. Aka juyo ana kallonsa. Wani ya ce ko rana ce ta buge shi. Marini ya murza ido ya sake dubawa, ya ce har yanzu dai haka ya gani, shi ma bai san abin da ya same shi ba. Maigari ya ce a wuce, za a dawo kansa.

Kan tulu abin ya fi haka. Wata ta ce wuyansa ya yi gajere. Maƙwabciyarta ta ce gajartar ce kyansa. Suka tsaya suna kallon juna kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Kowace tana tsammanin ɗayar wasa take yi, tana jira ta yi dariya. Ba wadda ta yi. Mai tulun tana durƙushe tana duban wannan tana duban waccan, ba ta san ko ta yi godiya ko ta fara kuka ba. Maigari ya ce nan ma a wuce.

Haka aka yi ta wucewa, ba a yanke kan komai ba, har aka iso kan Mantau. Yana zaune a ƙasa, ƙwaryar na kife gabansa, wuƙar na naɗe a cinyarsa. Bai san abin da ake ciki ba, don tun da ya zo kansa na sunkuye.

Wanda ya fara magana wani dattijon manomi ne, Nomau. Ya ce, "To, ga dai wadda ba gardama a kanta. Ko yaro ya ja kunyar gona haka sai ya sake. Ka yi haƙuri, Mantau, ba ta yi ba." Manoma suka ce ba ta yi ba.

Mantau ya ɗaga wuƙar zai miƙa.

Sai wani masunci mai suna Anaruwa ya ratso mutane ya tsugunna gaban ƙwaryar. Ya daɗe yana dubanta. Ya juya ta, ya sake juya ta. Ya ce shi tun da yake zuwa ranar kallo bai taɓa ganin ƙwarya irin wannan ba. Ya ce kogi ne, daidai lokacin da iska ta taso da la'asar kafin ruwa ya sauko. Ya nuna inda layi ya hau kan layi, ya ce nan igiyar ruwa biyu suka haɗu. Masunta suka matso suka ce lalle kuwa.

Nomau ya ce, "Kai da kullum kana cikin kwalekwale kana tangaɗi, ina ka san abu miƙaƙƙe?"

Anaruwa ya ce, "Kai kuma, Baba, tun da aka haife ka kana duƙe kana kallon ƙasa. Ɗaga kai dai yau ka ga wani abu."

Maƙeri ya ce shi layukan ba su dame shi ba, tabon wutar nan ne ya burge shi, nan aka san ƙarfe ya yi zafi sosai. Marini ya ce da an ƙara ƙona ta ta yi baƙi duka da ta fi. Matar nan da mijinta ya rasu kuwa, sai aka ga hawaye na zuba mata. Aka tambaye ta mene ne. Ta ce haka goshin mijinta yake in yana tunani. Aka ce to kyau ke nan ko muni? Ta ce ba ta sani ba, amma kada a fasa.

Surutu ya tashi. Wa da ƙane suka juya wa juna baya. Wani ya ce an yi wa garin asiri, wani ya ce ruwan rijiya ne, wani ya ce Mantau ne ya sa wa ƙwaryar wani abu. Mantau dai hannunsa na miƙe da wuƙa, ba mai karɓa. Ya dubi ƙwaryar ko ta sauya. Ba ta sauya ba. Karkatacciya ce kamar jiya.

Maigari ya gaji. Ya ce a yi shiru, ya kira Barmo, ya ce shi mai taɓarya ne, ba shi da kowa a ciki, ya duba ya yi abin da ya gani. Barmo ya tsaya kan ƙwaryar. Rana ta haske masa idon hagu ya runtse shi. Da na dama ya ga wata irin ƙazamar ƙwarya, ya ɗaga taɓarya sama. Gumi ya gangaro ya shiga idon daman, ya runtse shi ya buɗe na hagu. Sai aka ga taɓarya na saukowa a hankali, har ya dafa ta a ƙasa.

Ya kanne wannan ido, ya kanne wancan. Ya karkata kai. Ya ja baya, ya matso.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙwarya biyu ce."

Maigari ya ce, "Ɗaya ce, Barmo."

"To ɗaya ce. Amma akwai mummunar, akwai mai kyan. Wacce zan fasa?"

"Mummunar."

"Ai in na fasa ta, ranka ya daɗe, ɗayar ma ta tafi."

Uwar Barmo ta ji haka ta taso wa amarya, ta ce me ta sa wa ɗanta a ido? Amarya ta tsorata ta faɗi gaskiya. Ta ce Iya Hakama ce ta ce ta zo a makare, ta ƙara da wani abu, ita kuwa ta ƙara da tokar ciyawar kogi. Uwar Barmo ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta rufe. Ta ce, "Ke ma a makare kika je?" Matar maƙeri ta ce ita ma. Matar marini ta ce ita ma. Kafin a jima ya zama duk matan garin a makare suka je, aka rasa wadda ta je da wuri.

Aka je aka zo da Hakama. Ta taho rungume da tukunya, ta buɗe faifan ta kife ta gaban Maigari. Ko ƙura ba ta faɗo ba. Ba ta yi musu ba, ba ta ba da haƙuri ba. Ta ce dutse ya ƙare, da ma mai ƙarewa ne, a kanta kawai ya faɗo. Maigari ya sa aka kawo ruwa kowa ya wanke ido. Aka wanke, aka sake dubawa. Baƙin ya fita, ganin bai fita ba. Nomau na kan bakansa, Anaruwa na kan nasa. Barmo ya wanke har idonsa ya yi ja, ƙwarya dai biyu ce.

Hakama ce ta lura da Mantau. Ta ce wannan bai zo wanke ido ba, kuma ba ta ga sabon baƙi a fatar idonsa ba. Ta tambayi Cima, Cima ta sunkuyar da kai ta ce ya ƙi sawa. Hakama ta ce to ga tsohon ido nan, shi kaɗai ya rage a garin.

Maigari ya yi ajiyar zuciya kamar wanda aka sauke wa kaya. Ya ce alhamdulillahi, yau Mantau shi ne idon gari. Ya faɗi abin da ya gani, a gama, a tafi gida.

Kun gane inda aka sa shi? In ya ce ta yi, ba mai iya ƙaryata shi, ya ɗauki wuƙarsa ya tafi. Cima ta matso ta taka masa ɗan yatsan ƙafa, ta danna. Bai dube ta ba. Ya dubi ƙwaryar, ya daɗe.

Ya ce, "Ba ta yi ba."

Ya ajiye wuƙar gaban Maigari. Barmo ya rufe idon hagu da tafin hannu don kada ya ruɗe shi, ya ɗaga taɓarya da hannu ɗaya.

Anaruwa ya kifa cikinsa kan ƙwaryar. Ya ce a fasa har da bayansa.

Mantau ya ce, "Tashi, yaro. Ni na zana ta. Na san abin da na nufa, na san abin da ya fito. Ba kogi na nufa ba."

Anaruwa ya ce, "Baba, kai ka zana, ka gama naka. Kallo namu ne."

Nomau ya ce al'ada dai al'ada ce, tsohon ido ya yi magana. Anaruwa, yana kife, ya ce al'ada cewa ta yi gari baki ɗaya, Mantau kuwa ba gari ba ne, tsoho ɗaya ne mai taurin kai. Nomau ya ce to ai garin ba shi da baki ɗaya kuma. Anaruwa ya ce abin da yake faɗa ke nan. Nomau ya ce a'a, shi ne yake faɗar haka. Suka rikice, aka rasa wa ke goyon bayan wa.

Aka juya ga Maigari, aka ce shi me ya gani? Ya ce tun ɗazu yake gudun a tambaye shi. In ya tsaya nesa sai ya ga ta yi, in ya matso sai ya ga ba ta yi ba. Ya waiwaya ya tambayi matarsa me ta zuba masa. Ta ce baƙin fitila. Ya ce to.

Ya tsaya yana duban ƙwaryar har mutane suka fara zaunawa. Sannan ya ce, "Ni yanzu ban san mai kyau ba. Abin da na sani, ba za a fasa abu mutum na rungume da shi ba. Wanda ya ga kyanta ya ɗauka. Wanda ya ga muninta ya kau da kai. Mantau, ɗauki wuƙarka. Tana hannunka muddin akwai mutum ko ɗaya da ke son aikinka. Ranar da babu, ka san hanyar rijiya, ba sai an raka ka ba. Haka masaƙi, haka mai tulu, haka kowa."

Nomau ya ce to daga yau wa zai riƙa gaya musu abin da ya yi kyau? Maigari ya ce ya tambayi idonsa. Nomau ya ce idonsa ya ce mummuna ce. Maigari ya ce to kada ya ɗauka. Nomau ya ce shi ke nan? Maigari ya ce shi ma bai sani ba, amma yunwa yake ji.

Anaruwa ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya rungumi ƙwaryar ya yi bakin kogi da ita. Da yamma ya aiko wa gidan Mantau kifi. Barmo ya tambayi abin da zai yi da taɓarya, aka ce ya kai wa matarsa ta yi daka.

Mantau ya koma gida da wuƙa, amma ba da farin ciki ba. Ya ce wa Cima mummuna ce dai. Ta ce Anaruwa bai ga haka ba. Ya ce Anaruwa bai san komai ba. Ta ce amma ya ɗauka. Ya tambaye ta ita me ta gani. Ta ce jiya ta ga mummuna ce, yau ba ta sani ba, ya ci kifinsa.

An tura mutane kan dutse neman wani dutsen kwallin. Sun haƙa, sun samo kwalli, irin wanda iyayenku mata ke sawa. Baƙanta ido yake yi, ba ya daidaita komai. Abin da aka cakuɗa a tandu kuwa bai tsaya a ido ba, ya shiga jini. 'Ya'ya suka fito da shi. Ɗan maƙeri ya auri 'yar masunci, jikan manomi ya auri jikar marini, abu ya ƙara cakuɗewa, har a ɗaki ɗaya a haifi yara kowa da irin ganinsa.

Shi ma Mantau tsohon kwallin bai daɗe a idonsa ba. Kafin wata damina ya sake shi. Wata safiya ya gama ƙwarya, ya kife ta a tsakar gida, ya ja baya ya duba kamar yadda ya saba, ya jira idonsa ya gaya masa. Ido bai ce komai ba. Da hantsi ya ga kamar ta yi. Da la'asar ya so ya taka ta. Ya kai wa maƙwabcinsa, maƙwabcin ya ce ta yi. Ya kai wa ɗaya maƙwabcin, shi kuma ya ce masa ya bar ɓata duma.

Daga nan ya fara fita da ƙorensa kowace ranar kasuwa. Ya jera su a tabarma, ya zauna, wuƙa na gefensa. Ba ƙoren yake kallo ba, fuskokin masu wucewa yake kallo. Wannan ya duba ya taɓe baki. Waccan ta duba ta wuce, ta dawo, ta sake wucewa. Wata ranar har rana ta karkata ba wanda ya tsaya, ya fara waiwayen bayan kasuwa. Can sai wani baƙo ya tsugunna ya ɗaga guda, ya ce wannan fa? Haka Mantau ya yi ta yi har ya rasu. Wuƙar ba ta shiga rijiya ba. Amma bai ƙara kwana da tabbacin cewa ba za ta shiga gobe ba.

Shi ya sa har yau ba mai iya gaya maka kyau ka yarda, sai in abin ya dace da tokar gidanku. Mutum zai dubi hula ko zanen bango ya ce ya yi kyau, yana tsammanin hular yake faɗa, alhali gidan da ya tashi yake faɗa. Shi ya sa in kun ga mutum zai duba aikin hannu sai ya kanne ido ɗaya, ya karkata kai, ya ja baya, ya matso. Jikokin Barmo ke nan, suna da yawa. Shi ya sa kuma mai zane, komai gwanintarsa, in ya gama aiki ba ya zama lafiya sai ya tare wani ya ce, ya ka gani? In an yaba bai yarda ba. In an kushe ya kasa cin abinci.

Kuna tambaya ƙwaryar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Kakata ta ce ta yi. Kakana ya ce ba ta yi ba. Sun yi shekaru suna wannan gardamar, kuma ba wanda ya taɓa ganinta a cikinsu.

Ku tashi ku ba awaki ruwa.